Gida a kan taya, rana ba ta faɗuwa: hukuncin matafiyi a ƙasar tafkuna

 

Akwai wata al'ada da ta kafu a arewacin Turai: idan sanyi ya janye, ƙanƙara ta narke, sai magidanci ya ɗauki iyalinsa a cikin mota mai ɗaki ya nufi daji. Motar tana da gadaje da murhun gas da firji da ɗan banɗaki, da tankin ruwa mai cin kimanin lita 100, kuma mafi yawansu ba su wuce nauyin kilo 3,500 ba, saboda haka lasisin tuƙin ƙaramar mota ya isa. Inda gajiya ta riske shi nan ne masaukinsa. Musulmi mazauna waɗannan ƙasashe, har da 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai can, sun fara shiga wannan al'ada, tambayoyinta kuma sun fara iso wa malamai. Amsoshin da ake bayarwa a gaggauce iri biyu ne, kuma duka ba su gamsar da mu ba. Wani ya ce yawon banza ne, a bari. Wani ya ce ai matafiyi ne, addini sauƙi ne, ya yi yadda ya samu. Mu abin da muke gani shi ne tafiyar halal ce, tana iya zama abin lada, amma tana cikin tafiye-tafiyen da bai halatta mutum ya tayar da mota ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsu, domin salla biyar na kowace rana ce ke cikin haɗari.

Bari mu ɗauki ƙasar Finlan, domin a nan mas'alar ta fi fitowa fili. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 338,000, mutanenta kuwa miliyan biyar da rabi ne da 'yan kai. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasarta daji ne, kuma ƙidayar da aka fi ambata ta ce tana da tafkuna 187,888. Mafi girmansu shi ne Saimaa a kudu maso gabas, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 4,400, cike da tsibirai da lunguna. Babbar hanya mai lamba 4 tana tashi daga Helsinki a bakin teku, ta ratsa Oulu da Rovaniemi, ta gefen tafkin Inari, har ta dire Utsjoki a kan iyakar Norwe, tafiyar kusan kilomita 1,300. A kan wannan hanya guda ɗaya matafiyi zai fita daga ƙasar da dare ke gajarta ya shiga ƙasar da babu daren sam.

Masu cewa a bari suna da hujjar da ba za a raina ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya gindaya a cikin Muhtasar cewa ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba saɓon Allah ya fitar da shi ba, kuma ba wasa ya fitar da shi ba, malamai kuma suka buga misali da mai farauta don nishaɗi kawai. To shin wanda ya yi hayar mota don ya je kallon ruwa da itatuwa ɗan wasa ne? Muna ganin amsar tana wurin niyya da halin mutum. Alƙur'ani ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa da dubawa a wurare da dama, ya kuma maimaita ambaton sassaɓawar dare da yini a cikin ayoyin Allah ga masu hankali. Mutumin Kano, wanda garinsa ke digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, bambancin da ya sani tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba. A Helsinki yini yana kaiwa kusan sa'a 19 a watan Yuni, ya dawo ƙasa da sa'a 6 a Disamba. Wanda ya tsaya a bakin tafki da ƙarfe goma sha biyun dare ya ga rana a rataye bisa kan itatuwa, ya nuna wa 'ya'yansa, ya ga tafsirin ayar da idonsa. Hutar da iyali da faranta musu rai shi ma manufa ce ingantacciya a shari'a. Sai dai ba mu yarda a fake da wannan ba. Wanda bashin mutane ke wuyansa, ko bai sauke faralin Hajji ba alhali kuɗin wannan yawo na shekara biyu ko uku zai kai shi Makka, ko ya san idan ya tafi salla za ta salwanta, to nasa hukuncin daban ne, kuma shi ya fi kowa sanin kansa.

Mas'ala ta biyu ta fi daɗin nazari. Mutumin da gadonsa da tukunyarsa da matarsa da 'ya'yansa duk suna tare da shi, matafiyi ne ko mazaunin gida? Wani zai ɗauka sabuwar tambaya ce da mota ta haifar, alhali malaman fiƙihu sun gama da ita tun zamanin jirgin ruwa mai filafilai. Sun yi magana a kan matuƙin jirgin da ke yawo da iyalinsa a cikin jirgi. Imamu Ahmad ya ga cewa idan ba shi da wani gida sai jirgin, to ba zai yi ƙasaru ba, domin bai rabu da mazauninsa ba. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa suka ce zai yi, Halil ma ya ambaci matuƙin da iyalinsa a fili. Mai mota mai ɗaki da ke da gida a Helsinki ko Tamfere, ya rufe ya fito na mako biyu, ko a wajen Imamu Ahmad matafiyi ne. Jin daɗin katifa ba ya soke tafiya, domin shari'a ta rataya rangwamen ne a kan tafiyar kanta, tunda wahala abu ce da ba ta da ma'auni ɗaya tsakanin mutane.

Inda gizo ke saƙar wani wuri ne, kuma nan ne masu cewa "ai matafiyi ne" suke tuntuɓe. Sharaɗin ƙasaru a wurinmu shi ne mutum ya nufi tafiyar barid huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80 da ɗoriya, ya kuma ƙudurce ta tun daga farko. Saboda haka malamanmu suka fitar da mutum biyu daga rangwamen: mai gararamba wanda bai san inda ya nufa ba, da makiyayi mai neman ciyawa wanda duk inda ya same ta zai sauka, sai fa idan ya tabbata ba zai samu ba kafin ya cika nisan. Mu da muka tashi muna ganin Fulani na tashi da shanu mun san wannan hoto sarai. To babban abin da ake yabon mota mai ɗaki da shi shi ne ainihin wannan hali: ka tashi ba tare da ka yanke masauki ba, ka ga tafki ya yi maka kyau ka tsaya, gobe ka matsa kilomita 30 ka sake tsayawa. Wanda ya fito a kan haka, ba shi da wata manufa mai nisa a zuciyarsa, ya shiga layin mai neman ciyawa, sallarsa cikakkiya ce. Wanda kuwa ya fito daga Helsinki ya ce Inari ya nufa, ko Savonlinna, to ƙasarunsa ya inganta ko da yana tafe yana yada zango. Sannan idan ya sauka a wani sansani ya yi niyyar kwana huɗu cikakku, hukuncin tafiya ya yanke tun daga lokacin niyyar, ya koma raka'a huɗu, ko da tayoyin na nan a ƙarƙashin gadonsa. Iyalai da yawa sukan kama wuri a bakin Saimaa su yi mako guda. Waɗannan mazauna ne har ranar da za su sake ɗaukar doguwar hanya.

Yanzu sai babbar magana, wato rana. Daga wajen digiri 48 zuwa sama, akwai kwanaki a tsakiyar shekara da hasken bayan faɗuwar rana ba ya gama gushewa sai ya haɗe da hasken alfijir. Helsinki tana digiri 60. A ƙarshen Yuni rana takan faɗi wajen ƙarfe 11 saura na dare, ta fito kafin ƙarfe 4, kuma a tsakanin nan ba ta nutsawa ƙasa da sararin sama fiye da digiri shida da ɗan abu. Magariba tana da alama, amma jan shafaƙi ba ya ɓacewa, ke nan alamar shigar Isha'i ba ta zuwa, ta alfijir ma ba ta rarrabuwa. Idan aka ci gaba arewa aka kai Rovaniemi, inda Da'irar Aktik ta ratsa a digiri 66 da rabi, rana takan yi kusan wata guda ba ta faɗi ba. A Utsjoki kwanakin sun haura 70, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Mazaunin gari yana da jadawali ɗaya da masallacinsa ya ba shi. Mai mota kuwa yau yana inda Magariba ke da alama, jibi yana inda ba ta da ita.

Musulmi sun daɗe da cin karo da wannan. A shekarar 922, Ahmad bin Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga, ya ba da labarin darensu da ya gajarta har mutum kan ɗora tukunya da Magariba ya yi sallar Asuba ba ta nuna ba, da ladanin da ya daɗe bai yi barcin dare ba don tsoron kada Asuba ta kuɓuce masa. Daga baya tambayar mutanen wannan yanki ta raba kan malaman Hanafiyya. Baƙƙali ya ce Isha'i ta faɗi a kansu tunda sababinta, wato lokaci, bai samu ba, kamar yadda wanke hannu ke faɗuwa a kan wanda aka yanke wa hannaye daga gwiwa. Ibnul Humam ya ƙi wannan, ya ce salla biyar aka farlanta a kan kowa a kowace rana, alama kuwa sanarwa ce kawai. A ƙarni na 19 malamin Kazan, Shihabuddin Marjani, ya rubuta littafi sukutum don tabbatar da wajabcin Isha'i ko da shafaƙi bai ɓace ba. Muna tare da Ibnul Humam da Marjani ba tare da wani jinkiri ba, hujja kuma ita ce hadisin Nawwas bin Sam'an da ke cikin Sahihu Muslim a kan kwanakin Dujal. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci yinin da zai yi tsawon shekara, abin da sahabbai suka fara tambaya shi ne salla: shin sallar yini ɗaya za ta ishe su? Ya ce a'a, ya umarce su da su ƙaddara lokaci. A lura da abin da ya fara zuwa zukatan mutanen nan da suka ji labarin rana ta ƙi faɗuwa.

Ƙaddarawar ce malaman zamani suka yi saɓani a kan yadda za a yi ta. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ce muddin dare da yini suna rarrabuwa a cikin sa'a 24, to a bi rana komai tsawon yinin, inda kuwa ba sa rarrabuwa a bi gari mafi kusa da suke rarrabuwa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1986, ta kasa waɗannan ƙasashe uku: daga digiri 45 zuwa 48, daga 48 zuwa 66, sannan abin da ya haura 66, ta kuma ba da shawarar a yi ƙiyasi da lokutan digiri 45 a inda alamu suka ɓace. Gidan fatawa na Masar ya karkata ga bin lokutan Makka idan yini ya yi tsawon da ya wuce kima, kuma Musulmin Tromso a arewacin Norwe da lokacin Makka suke aiki a kwanakin da rana ba ta faɗuwa. Majalisar Fatawa ta Turai ta yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a irin waɗannan watanni. Kowane ɗaya ijtihadi ne mai daraja, kuma kowane yana da inda yake ciwo. Bin gari mafi kusa yana iya kai mutum ga garin da darensa minti ashirin ne, a cusa salla uku a ciki. Bin Makka kuwa a inda rana ke faɗuwa yana sa mutum ya yi Magariba rana na tsaye a sama, abin da zuciya ba ta natsuwa da shi alhali alamar da nassi ya ambata tana nan tafe.

Abin da muke rinjayarwa ga matafiyi shi ne ya riƙe alama duk inda alama take. Azahar ba ta ɓacewa ko a ƙarshen arewa, domin rana tana hawa ta kai ƙololuwa ta wajen kudu sannan ta karkata, sai dai a sani cewa da agogon bazara na Finlan zawali yakan kai wajen ƙarfe 1 da minti 20, ba ƙarfe 12 ba. A kudancin Da'irar Aktik ya jira faɗuwar rana ya yi Magariba, sannan ya jawo Isha'i ya haɗa. Mun san cewa mashhurin mazhabarmu ya fi ɗaure jam'i da halin tafiya a kan hanya, amma hadisin Mu'azu na yaƙin Tabuka yana cikin Muwaɗɗa ta Malik kansa, kuma zahirinsa ya nuna an haɗa salla ana sauke a zango, Shafi'iyya ma a kan haka suke. Asuba kuwa ya yi ta bayan dare ya raba, haske ya fara ƙaruwa, kafin rana ta ɓullo. Idan ya tsallaka inda ba ta faɗuwa, ya nemi jadawalin jama'ar Musulmi mafi kusa da wurin ya bi su, domin haɗuwa a kan ijtihadi ɗaya ya fi kowa ya kama gabansa. In bai samu ba ya zaɓi ɗaya, ko digiri 45 ko Makka, tun kafin ya bar gida, ya rubuta a takarda ya manna a jikin motar. Abin da ba mu ga halaccinsa ba shi ne tsince-tsince, yau Makka domin barci ya zo da wuri, gobe gari mafi kusa domin ana hira. Allah ne Mafi sani.

Kada kuma a miƙa wuya ga manhajar waya. Waɗannan manhajoji lissafi suke yi, kuma idan lissafin kusurwar rana ya gagara a can arewa, kowace tana da dabarar da aka saka mata: wata ta raba dare biyu, wata ta kasa shi bakwai, wata ta bar gurbin babu komai. Wanda bai buɗe saitin ya ga wace dabara aka zaɓa masa ba, yana bin fatawar wanda bai sani ba ne.

Ga wani abu da zai ba Bahaushe dariya kafin ya ba shi tsoro. A harshenmu gabas da alƙibla sun zama abu ɗaya, har mukan kira Musulmi mai kallon gabas. A Finlan wanda ya kalli gabas ya kalli Rasha. Alƙibla a can kudu ce, da ɗan karkata zuwa gabas. Motar kuma kullum juyawa take, jiya ƙofarta na duban tafki, yau tana duban hanya, saboda haka kowane zango sai an sake nema. Farilla ba a yin ta a kujera mota na gudu alhali birki na ƙarƙashin ƙafa. A tsaya a sauka, ko a yi a ciki idan rufin ya isa tsayuwa. Taimama kuwa, a ƙasar da ke da tafki kusan dubu ɗari da casa'in, sai dai mara lafiya.

Akwai wata doka ta al'ada a can da ta cancanci mu yi mata adalci. Suna kiranta haƙƙin kowa: kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, yana da izinin ratsa daji da ƙafa ko da mallakar wani ne, ya tsinki 'ya'yan itatuwan daji, ya jefa ƙugiya ya kama kifi, ya kafa tanti na ɗan lokaci nesa da gidajen mutane. Duk wanda ya karanta hadisin tarayyar mutane a ruwa da ciyawa da wuta zai ji ƙamshin abin da ya sani. Amma haƙƙin yana da iyaka, kuma iyakar ta fi shafar mai mota. Ba a sauka daga hanya a kutsa daji da mota sai da izinin mai ƙasa. Ba a hura wuta a fili sai da izini, idan kuma hukuma ta yi gargaɗin gobarar daji to an hana gaba ɗaya. Ruwan wanke-wanke da tankin banɗaki suna da wuraren zubarwa na musamman a sansanoni. Musulmin da ya shiga ƙasar mutane da biza ya shiga da alkawari, cika shi wajibi ne. Tun kafin dokarsu ma, an hana mu yin bawali a ruwan da ba ya gudu, an kuma gaya mana cewa biyan buƙata a kan hanya da inuwa da mashaya yana jawo tsinuwa. Wanda ya buɗe tankin ƙazanta a bakin tafki don ba mai ganinsa ya haɗa laifi biyu, ya kuma ja wa duk mai sallar da zai zo bayansa baƙin jini. A arewa kuma, inda kabilar Sami da sauran makiyaya ke sakin barewarsu ta gida mai ƙaho rassa-rassa tana yawo a kan titi, dabbar nan dukiyar wani ce. Ana kaɗe dubbai a kowace shekara, wanda ya kaɗe kuma wajibi ne ya sanar.

Abinci ba shi da wuya ga mai murhu a mota. Tsiran da suke gasawa a sansani galibi akwai alade a ciki, a bar musu. Kifin tafki kuwa halal ne, ƙananan da ake soyawa a kasuwar Savonlinna sun isa misali. Ɗakin gumin nan nasu da ake kira sauna yana kusan kowane sansani, mutanen ƙasar kuma sukan shige shi tsirara. Al'aura ba ta da hutun bazara, mai so ya kama lokacin iyalinsa shi kaɗai.

Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, amma da za a nemi shawararmu da mun ce a tsara hanya yadda za ta faɗo a gari mai masallaci, domin a nan ne za a samu jadawalin da muka ambata, a kuma ga mutanen da suka riga kowa sanin wannan rana. Musulunci a Finlan ya girmi zuwan baƙin wannan zamani. Tun wajejen 1870 'yan kasuwar Tatar suka fara zuwa daga ƙauyukan yankin Nizhni Nobgorod, a bakin kogin nan na Bolga da mas'alar Isha'i ta fara tasowa, suka yi rajistar jama'arsu a 1925, suka gina masallacin katako a garin Järvenpää a 1942, kusa da Helsinki, yana nan har yau. Su da waɗanda suka zo bayansu sun yi azumin 2015 da 2016 a tsakiyar Yuni, lokacin da yini ya fi kowane tsawo. Yanzu Ramadan ya gangaro zuwa ƙarshen sanyi, yana matsawa baya da kwana goma ko sha ɗaya a kowace shekara, nan da 'yan shekaru zai faɗa Disamba, inda tambayar za ta juye: a Utsjoki rana takan yi kusan kwana 50 ba ta fito ba.